Barka da Dawowa, Mai Gemu

Ku yi mini uzuri, yau ba sharhin mai sanyin rai zan yi ba. Murna ce fal cikina, kuma ba ni da niyyar ɓoye ta. Ajax ta Amsterdam ta dawo da tsohon tambarinta, mai gemu, mai kwalkwali, kuma wannan karon ba aron kaka ɗaya ba ne. Tun daga kakar wasa ta 2025/26, shi ne tambarin kulob ɗin a hukumance. A watan Nuwamba na 2024 babban daraktan kulob ɗin, Menno Geelen, ya sanar da haka, ana tsaka da shirin bikin cikar Ajax shekara 125 da kafuwa, wanda ya faɗo ranar 18 ga Maris 2025. A zamanin da manyan ƙungiyoyin Turai ke rige-rigen yi wa tambarinsu askin ƙwal-kwabo, a ce an sami guda ɗaya da ta tsaya ta ce ita gemunta take so, ai ko maƙiyi ya tafa mata.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli tambarin nan da kyau ba, ya nemo hotonsa a waya ya buɗa shi sosai, ko ya sami rigar ya kawo ta daf da ido. Kan mutum ne a cikin da'ira, an zana shi ta gefe. Gemun ba baƙin fenti aka lafta aka wuce ba. Sili-sili aka bi shi, yana nannaɗewa, wani na hawa kan wani, har ya je ya haɗe da gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin kwalkwali. Hancin a miƙe yake sambal. Akwai inuwa a gurbin ido da gefen kunci, wadda ke sa fuskar ta taso daga jikin yadin har ka ji hannunka na son shafawa. Shi kansa kwalkwalin an yi masa ado, ba kwano aka kifa masa ba. Ga haruffa huɗu na sunan kulob, ga 'yar garkuwa mai ja da fari. Abin da ya fi kama ni shi ne kallon da yake yi: babu fushi, babu murmushi, babu gaggawa. A 1928 aka ɗora wannan fuska a tambarin Ajax, ta zauna shekara 62 ba wanda ya ce mata tashi.

Shi mai gemun, jarumi ne a labaran Girkawan dauri, ɗan Telamon sarkin tsibirin Salamis. A cikin Iliad, doguwar waƙar yaƙin Troy da ake dangantawa da Homer, in ka ɗauke Achilles babu wanda ya kama ƙafarsa a rundunar Girkawa. Ƙato ne na gaske, garkuwarsa fatar shanu ce ninki bakwai, an rufe ta da tagulla. Ya yi gaba da gaba da Hector, babban barden Troy, suka yi ta bugawa har dare ya raba su babu wanda ya kai wani ƙasa, suka yi musayar kyauta kowa ya kama gabansa. Ranar da aka koro Girkawa har bakin jiragen ruwansu, shi ya tsaya ya tare hanya. Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba, don da aka hana shi sulken Achilles aka ba Odysseus, baƙin ciki ya sa ya hallaka kansa. Sunan wannan mutum Floris Stempel da Carel Reeser da Han Dade suka sa wa ƙungiyar da suka kafa a wani gidan shan kofi da ke titin Kalverstraat a 1900. Yayi ne a Holan a lokacin: ga Sparta a Rotterdam, ga Heracles a Almelo, ga Hercules a Utrecht. Ku riƙe sunan nan na ƙarshe, za mu sake gamuwa da shi, kuma ba cikin daɗin rai ba.

A zamanin wannan tambari Ajax ta zama Ajax. Rinus Michels ya shimfiɗa salon da kowa ke kai hari kowa ke tsaron gida, Johan Cruyff da Neeskens da Krol da Keizer suka ɗauke shi suka zagaya Turai da shi. Kofin Zakarun Turai sau uku a jere: 1971 a Wembley suka ci Panathinaikos biyu da nema, 1972 a Rotterdam Cruyff ya zura wa Inter biyu shi kaɗai, 1973 a Belgrade Johnny Rep ya sa wa Juventus guda da ka, zance ya ƙare. A 1987, Cruyff na koci, Marco van Basten ya ci Lokomotive Leipzig a Athens aka ɗauko wani kofin na Turai. Duk wanda yau yake yabon Barcelona ta Guardiola, in ya bi salsala, gidan mai gemun nan zai ɓulla.

Sai 1990 ta zo da nata yayin. Kulob ya ga cewa zanen ya cika tarkace, yana da wuyar bugawa a jikin kayan sayarwa, musamman in an ƙanƙanta shi. Aka zauna aka rage fuskar, aka yi ta ragewa, har ta koma layuka 11, kowane layi yana wakiltar ɗan wasa guda a fili. Kuma gaskiya ɗaya ce, dabarar ta yi kyau. Ka zana kan mutum da kwalkwalinsa da gemunsa da layi 11 kacal, kuma a gane mutum ne, wannan ba aikin ƙaramin mai zane ba ne. Ana yawan kawo shi a matsayin misalin yadda ake sauƙaƙa tambari ba tare da an kashe shi ba. Amma idon ya tafi. Inuwar kuncin ta tafi. Abin da ya rage kwatancen fuska ne, kuma magoya bayan Amsterdam ba su taɓa yafe wannan ba. Shekara da shekaru suna ɗaga ƙyallaye a filin wasa da magana guda: a mayar wa Ajax fuskarta.

A nan ne lamarin ya zo mini da ɗan nauyi, ni da duk wanda ya fara son Ajax daga wannan nahiya tamu. Mu ba mu ga Cruyff yana wasa ba. Ajax ɗin da ta sace mana zuciya, mai layuka 11 ce. Ita ce ta wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai ranar 24 ga Mayu 1995 a Vienna, shuɗiyar riga mai duhu, da sunan bankin ABN AMRO a rubuce daga sama zuwa ƙasa. Finidi George na lamba bakwai yana tafiyarsa ta ƙasaita kamar ba ya gudu, alhali ya bar mai tsaron baya a baya. Nwankwo Kanu ya shigo bayan hutun rabin lokaci, dogo siriri, ƙwallo na manne masa a ƙafa. Koci Louis van Gaal ya yi tsallen nan nasa na karate a bakin layi yana nuna wa alƙalin wasa yadda aka kai wa Litmanen ƙafa. Saura minti biyar a tashi, Rijkaard ya zura wa Patrick Kluivert, yaro ɗan shekara 18, ya tsikare ta cikin ragar AC Milan. A wannan kakar ba a ci su ko wasa ɗaya ba, a lig ɗin Holan da gasar Zakarun Turai duka.

Sannan ga namu na gida. Da Finidi ya tafi Real Betis a 1996, Kanu ya tafi Inter, wa Ajax ta ɗauko daga Roda JC ya gaji lamba bakwai? Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, da lambar zinaren Atlanta a wuyansa. Allahu Akbar, gudu! Gajere ne, amma in ya tura ƙwallo gaba ya saki ƙafa, sai dai mai tsaron baya ya karanta lambar rigarsa. Har a wasan ƙwallon PlayStation na wancan lokaci, yaran da ba su san inda Kaduna take a taswira ba, daga Japan har Brazil, sun san cewa in kana son gudu Babangida za ka ɗauka. A watan Maris na 1997, a filin Vicente Calderón na Madrid, wasan kwata fainal na gasar Zakarun Turai da Atlético ya kai ƙarin lokaci. Dani ɗan Fotugal ya narka wata daga nesa, Pantić ya farke da fenariti, ana biyu da biyu filin na tafasa, 'yan Madrid sun kwararo gaba ɗaya suna neman guda ɗaya tak. Daf da tashi ɗan Kaduna ya rufe musu baki da ta uku. Shekara ta zagayo, 1998, shi da Sunday Oliseh suka ɗaga kofin lig da na ƙalubale tare a ƙarƙashin Morten Olsen. Duk wannan da tambarin layuka 11 a ƙirji. Ni ba zan zage shi ba har abada. Wanda ya zage shi a gabana ma sai mun ɓata.

Ko tafiyar nan ta 2019 a gasar Zakarun Turai da shi aka yi ta. Ci huɗu da ɗaya a Bernabéu, Tadić yana juya 'yan Real Madrid yadda ya ga dama. De Ligt ya tashi sama a Turin ya kori Juventus da Cristiano Ronaldo. Sai kuma daren 8 ga Mayu, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, da yawanmu an idar da asham a guje an nufi gidan kallo, Ziyech ya ci ta biyu muka ce an gama. Lucas Moura na Tottenham ya ce bai yarda ba. Sau uku, ta ƙarshen a minti na 96. Ban son tuna sauran.

To in haka ne, me ya sa nake wannan rawar ƙafa don an sauke tambarin da na girma da shi? Dalilina yana jikin rigar kanta. Masu kare sauƙi a zane hujjarsu guda ce, kuma mai ƙarfi: alama dole a gane ta daga nesa, da kallo ɗaya, ba sai an tsaya nazari ba. Na yarda ɗari bisa ɗari. Sai dai Ajax ta riga ta mallaki wannan alamar tun 1911, kuma ba tambari ba ce. A shekarar ne ta hau rukunin farko, dokar lokacin ta hana ƙungiyoyi biyu sa riga iri ɗaya, ga Sparta ta rigaye ta da mai ratsin ja da fari. Sai aka koma farar riga da jan ƙyalle guda mai faɗi daga wuya zuwa ƙugu. Shi ke nan. Launi biyu, layi ɗaya. Ka hango ta daga ƙarshen layinku, a jikin ɗan acaɓa da ya wuce a guje, ko a tsohuwar talabijin mai yayyafi, ka san Ajax ce. Babu kamfanin zane a duniya da zai zauna ya ƙirƙiro abin da ya fi wannan sauƙi. Tun da riga ta ɗauke aikin nesa, me zai sa a tilasta wa tambari ya sake yin aikin da an riga an gama? Aikinsa daban ne. Shi na kusa ne, na wanda ya sa rigar ya sunkuyar da kai ya kalli ƙirjinsa, na yaron da ya kwanta yana bin gemun da yatsa, na ɗan wasan da ya ci ƙwallo ya jawo wuyan riga ya kai baki. A wannan tazarar, layuka 11 sun ƙare da kallo ɗaya. Fuskar 1928 kuwa ba ta ƙarewa.

Duk wanda ya san babbar riga ya san abin da nake nufi. Daga nesa, faɗinta da farinta da yadda mai ita ke saɓa hannu su ne ke sanar da kai babban mutum na tafe. Ba ka ganin zare ko ɗaya. Sai ya matso kun gaisa sannan idonka ya sauka kan aska takwas ɗin da ke ƙirji, ka ga yadda allura ta bi ta dawo, ka gane cewa wani ya yi watanni a zaune a zaure a kan wannan aljihu. Babu mai hankalin da zai ce a tsefe aikin don ba a ganinsa daga bakin kasuwa. Ba don bakin kasuwa aka yi shi ba.

Za a ce mini ai yanzu zamanin waya ne, tambari yana rayuwa a 'yar ƙaramar da'irar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, a gefen sakamakon wasa, don haka dole ya zama mai sauƙi. Wannan hujja ta tsufa ba ta sani ba. Matsalar 1990 ta gaske ce, lokacin da injin bugawa ke cakuɗa siraran layuka su zama dunƙulen baƙi. Yau fuskar wayar da ke aljihun ɗan sakandare ta fi talabijin ɗin da muka kalli Kluivert a ciki fitar da hoto nesa ba kusa ba, injinan saƙa da na manna bajo kuma suna fitar da silin gashi ɗaya ɗaya. In ma an ƙanƙanta tambarin har gemun ya haɗe, me aka rasa? Da'ira ce da kai a ciki da ɗigon ja, ga sunan kulob a rubuce a gefe. Ban taɓa jin wanda ya buɗe sakamakon wasa ya kasa gane ƙungiyarsa don tambarinta ya cika ado ba. Real Madrid na nan da kambinta, Barcelona na nan da tarkacenta, Benfica na nan da gaggafa da ƙafar keke, kuma ba su rasa masu saye ba.

Wadda ta kai wannan aƙida ta sauƙi maƙura ita ce Juventus. A watan Janairu na 2017, a wani ƙasaitaccen biki da aka yi a Milan, ba ma a Turin ba, Andrea Agnelli ya yaye labule sai ga harafin J. An zubar da tsohuwar garkuwa mai siffar ƙwai, an kori bijimin birnin Turin, an sauke kambi. Kamfanin Interbrand ne ya zana, kuma ba su ɓoye manufarsu ba: ana son alamar da za ta hau hula da agogo da jaka, ta shiga hannun wanda bai damu da ƙwallo ba sam. A matsayin zane, J ɗin nan ba shi da makusa, na sara masa. Amma ka rufe sunan ka nuna wa wanda bai sani ba, ka ce ya faɗi ko mene ne. Zai iya cewa kamfanin turare, ko otal, ko banki. Babu gari a ciki, babu ƙwallo, babu kowa. A 2020 ma suka cire kalmar Juventus daga saman harafin a jikin riga. Abin dariyar shi ne, kulob ɗin da ake wa laƙabi da Tsohuwa shi ya fi kowa gudun a ga tsufansa.

Sauran kuwa sun gwada sun sha da ƙyar. Everton ta cire takenta na Latin daga tambari a 2013, magoya baya suka tayar da ƙura, kulob ya ba da haƙuri, bayan kaka ɗaya aka mayar. Leeds United ta fito da wani zane a Janairun 2018, mutum babu kai ya dafa ƙirji da dunƙulen hannu, dubun dubatar mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi, ko riga bai hau ba aka binne shi. Vincent Tan ya mayar da Cardiff City ja a 2012, ƙungiyar da aka sani da shuɗi, a 2015 ya sauko. Atlético Madrid ta gyara nata a 2017 lokacin ƙaura zuwa sabon fili, aka yi shekaru ana gunaguni, da aka ba mambobi ƙuri'a a watan Yuni na 2023 fiye da kashi 88 cikin ɗari na waɗanda suka jefa suka ce a dawo da na da, aka dawo da shi a 2024. Amma dukkan waɗannan gyaran ɓarnar jiya-jiya ne. Ajax ta tsallake shekara 35, da kofin Zakarun Turai a tsakani, ta koma ta ɗauko kayanta. Wannan ƙarfin hali ne na daban.

Kada 'yan Arsenal su ce na tsallake su, don na san su ne rabin gidan kallo. A 2002 kulob ɗinsu ya share tsohon tambari mai rubutun gargajiya da taken Latin da alamar unguwar Islington, saboda ya kasa yi masa rajistar mallaka, ya bar igwa kaɗai, ya kuma juya bakinta. An yi surutu. Bayan shekara biyu suka gama lig ba a ci su ba, Kanu na cikinsu, surutu ya mutu. Yau yaron da aka haifa a 2005 wannan ne gargajiyarsa. Kofi yana wanke tambari, wannan haka yake. Abin da ya sa na Ajax ya burge ni ke nan: layuka 11 sun sami wankan da ya fi na kowa a 1995, amma mutanen Amsterdam suka ci gaba da cewa sun ji, sun gode, a dai ba su fuskarsu.

An ɗanɗana musu a kakar 2021/22, lokacin da Adidas ta fito da rigar gida ɗauke da tsohon tambarin na shekara guda. Wayyo, rigar nan! Ita ce ta zamanin Erik ten Hag na ƙarshe, Sébastien Haller na zura ƙwallo kamar an aiko shi, Antony da Tadić a gefe, ga Mohammed Kudus, yaron Nima ta Accra, unguwar da Hausa ke yawo a titi, duk da rauni ya hana shi sakewa a wannan shekarar. Suka cinye wasanni shida na rukuni a gasar Zakarun Turai, suka ɗauki kofin lig na 36. Da kaka ta ƙare aka mayar da mai gemu cikin akwati, kuma daga nan abubuwa suka fara zamewa. Ni ba mai camfi ba ne, tarihi kawai nake karantowa.

Na san abin da masu baƙin ciki ke faɗa, 'yan Feyenoord da 'yan PSV da abokan adawarmu na gidan kallo: wai an ba jariri alewa ne don ya yi shiru. Suna da abin kamawa. Kakar 2023/24 ta kasance abin kunya. A watan Satumba aka tsayar da wasa da Feyenoord a Johan Cruijff ArenA ana cin Ajax uku da nema, magoya baya na jefa wuta cikin fili. A ƙarshen Oktoba PSV ta ci biyar da biyu, Ajax ta kwana a can ƙasan teburi. A Disamba, Hercules ɗin nan ta Utrecht, ƙungiyar 'yan sha'awa masu zuwa atisaye bayan sun taso daga aiki ko makaranta, ta yi waje da ita daga kofin ƙalubale da ci uku da biyu. A Afrilu Feyenoord ta zuba mata shida a Rotterdam. Aka ƙare a na biyar. Shugabannin da ke neman sulhu da jama'arsu bayan irin wannan shekara, ba mamaki su tuna da ƙyallen da aka daɗe ana ɗaga musu. To sai me? In an daɗe ana bin ka bashi ka biya ranar da ka matsu, ai dai ka biya. Kuma tambarin bai yi alkawarin cin wasa ba. Watanni kaɗan bayan sanarwar, Ajax ta Francesco Farioli tana gaba da maki tara, saura wasa biyar, ta zubar da su har PSV ta ɗauke kofin da tazarar maki ɗaya a ranar ƙarshe. Na yi kwana da kwanaki ba na amsa gaisuwar wasu mutane. Wannan ciwo ne na daban, kuma ba a wurin mai zane ake neman maganinsa ba.

Ƙorafina biyu ne, duka ƙanana. Na farko, 'yan jabu sun shiga uku, mu masu saye a wurinsu mun shiga tara. Layuka 11 ko wane injin lungu yana iya kwaikwayonsu. Fuska kuwa ba ta yafiya. Na ɗaga wata a rumfar masu jesi, an rataye ta a tsakanin ta Chelsea da ta Barcelona, na ga abin da aka yi wa bawan Allah: gemu ya haɗe da baki ya zama curi guda, ido ɗaya ya gangaro kan kunci, zaren kwalkwalin ya tsinke yana reto. Mai rumfar ya ce mini, "Alhaji, orijina ce, ka duba lakabin." Na ce masa lakabin na gani, mutumin ne ban gane ba. Wanda zai saya ya buɗe leda ya duba idon tukuna kafin ya miƙa kuɗi, don a nan ake kama su. Na biyu, wani abokina ya tsokane ni cewa da can zane-zane ne a ƙirjina, yanzu kuwa hoton mutum ne sak, yaya zan yi da salla? Yadda 'yan Manchester United ke yi da jan shaiɗaninsu: in an kira, a tuɓe a zura jallabiya. Ba sabon abu ba ne.

Abin da nake roƙon shugabannin Amsterdam shi ne kada su jefar da layuka 11 a bola. Su ajiye shi, su riƙa fito da shi a rigar tunawa da 1995, ko a wuyan riga ta baya, don mu 'yan zamanin Finidi da Kanu da Babangida mu ma muna da haƙƙi, kuma nan da shekara talatin mu ne tsofaffin da za su ɗaga ƙyalle. Amma ƙirji na mai gemu ne, can ya dace da shi, da taurari uku a samansa, kowane na kofin lig goma. Saura huɗu a ɗinka na huɗun. Ku kuma 'yan Juventus, ga Atlético ta yi, ga Ajax ta yi. Bijimin nan yana nan a Turin, ba a yanka shi ba. Ku je ku kwanto shi.